Almakashin Bahaguwa a Ƙofar Yamma

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Kula da Yankin Masana'antun Fitar da Kaya,
Ofishin Hukuma, Bene na Biyu,
Cikin Yanki.

Daga:
Mai gyaran rediyo,
Rumfar da ke jikin famfo, Layin Masu Walda,
Bayan Tashar Mota.
A madadin matar wansa marigayi, wadda aka fi sani da Bahaguwa, ma'aikaciya a kamfanin ɗinkin wandunan aiki.

Litinin, 12 ga watan Mayu, 2025

Game da: Ƙwace almakashin wata ma'aikaciya a ƙofar yamma, da liƙa hotonta a allon ɓarayi, da shirin narka almakashin ranar Asabar, 31 ga wannan wata

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, Ya kuma ba shi ikon sauke nauyin da ke kansa, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Ni ba lauya ba ne, kuma wadda abin ya shafa ba ta karatu, shi ya sa rubutun ya faɗo kaina. Idan an ga kuskure a tsarin takardar, a ɗora mini shi, kada a ƙara mata a kan wanda aka riga aka ɗora mata.

Na sani Yallaɓai yana da manyan lamura a gabansa: kwantenoni, baƙi masu zuba jari, da bukin yanka ƙyalle a bakin sababbin gine-gine. Maganar almakashi ɗaya ba ta kai ta hau bene na biyu ba. Da ƙananan ofisoshin ƙasa sun yi aikin da aka ajiye su dominsa, da ba ta hau ba. Ga yadda abin ya faru.

1. Matar da ake magana a kanta matar wana ce, ni kuma Yaya nake ce mata. Bahaguwa ce tun haihuwa. An yi mata dukan da ake yi wa irinsu tana ƙarama har ta koyi ci da dama da miƙa abu da dama, amma yanka ya ƙi komawa. Mijinta maƙeri ne. A shekarar farko ta aurensu ya ga yadda almakashin kasuwa ke cin babban yatsanta, sai ya ƙera mata nata daga tsohon ƙarfen mota, ya juya bakinsa yadda zai dace da hannun hagu. Ba kyakkyawa ba ne. Kunnensa ɗaya ya fi ɗaya girma, kuma har yau akwai sawun guduma a jikinsa. Duk wanda ya taɓa ganin kayan da ake saukewa daga kwantena zai san wannan bai fito daga kwali ba. Da shi ta yi ɗinki a gida har mijin ya rasu, da shi kuma ta ci gaba da riƙe 'ya'yansa.

2. Da aka buɗe kamfanin ɗinkin wanduna aka ɗauke ta a layin ƙarshe, wurin masu datse zare da gyara bakin ƙafa kafin a kai guga. Almakashin da kamfani ke rabawa duk na dama ne, domin waɗanda suka tsara aikin daga nesa ba su yi zaton akwai bahago a cikin mutane dubu ba. Kafin mako ya zagayo yatsanta ya yi bororo ya fashe, jini ya taɓa wando biyu, aka yi mata faɗa a kan wandon. Shugabar layinsu, wadda ma'aikata ke kira Agogo saboda idonta ba ya barin agogon bango, ita da bakinta ta ce mata ta zo da nata na gida in dai zai hana ta ɓata kaya. Washegari ta shigo da shi a jakar abincinta. Babu wanda ya duba, domin a ƙofofin Yanki ba a binciken mai shiga, sai mai fita. Ina roƙon Yallaɓai ya lura da wannan tsari, don shi kaɗai ya isa ya nuna abin da aka ɗauki mutanenmu: ba a zaton talaka zai shigo da abu mai amfani, ana dai jiran ya fita da shi. Tun daga ranar almakashin yake kwana a akwatin ajiyarta, kuma da shi aka datse zaren wandunan da ake alfahari an kai ƙasashen duniya.

3. Ranar Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙusar tsakiyar almakashin ta yi sako-sako, sai ta sa shi a jaka don ta kawo mini in ɗaure ƙusar in wasa bakinsa. A ƙofar yamma sandar binciken masu gadi ta yi ƙara. Aka fitar da ita daga layi a gaban abokan aikinta, aka zazzage jakarta a kan tebur har da sauran abincinta, aka kai ta ɗakin masu gadi. Aka kira ƙaramin manaja, baƙo ne da ba ya jin harshenmu, ya zo da tafintansa. Manaja ya sa aka tambaye ta daga ina almakashin ya fito. Ta ce daga waje ta kawo shi.

A nan ne duk maganar take, Yallaɓai, kuma ina roƙon a karanta a hankali. A bakin ma'aikata, duk abin da ke bayan katanga waje ne. Mai zuwa sayen abinci waje ta tafi, mai jinyar ɗa tana waje, wanda aka sallama an yi waje da shi. A bakin ofis kuwa, kayan waje su ne waɗanda kamfani ya shigo da su daga ƙasashen ƙetare ba tare da haraji ba, kuma doka ta ce ba za su ƙetare katanga zuwa cikin gari ba. Matar nan ɗakinta take nufi, wanda ke bayan masu faci, inda rufin ke yoyo ta kusurwar gabas. Tafinta ya gaya wa manaja ta amsa cewa kayan ƙetare ne. Manaja ya gyaɗa kai, ya duba wayarsa, ya tafi. Da kalma ɗaya aka mayar da gaskiyarta amsa laifi, ita kuwa tana tsaye tana godiya, don ta zaci an fahimce ta.

Na daɗe ina juya maganar tafintan nan. Ɗan unguwarmu ne, uwarsa tana sayar da gawayi a bakin layinmu. Shi kansa idan ya tashi aiki cewa yake zai fita waje. Ya san matar da ba ta taɓa wuce tashar mota ba ba ta da wata ƙasar ƙetare da za ta sayo almakashi. Ko dai kuskure ya yi, ko kuwa ya ga fassarar da za ta fi saurin sallamar ubangidansa ya zaɓe ta. Idan kuskure ne, bai cancanci kujerar ba. Idan zaɓi ne, ban san sunan da zan ba shi a takardar hukuma ba. Na same shi a gida, ya ce mini shi bututu ne kawai, abin da aka zuba shi yake fita. Na ce masa ni ma da wayar rediyo nake aiki, kuma wayar da aka ba ta magana ta fitar da wata daban sunanta lalatacciya, cire ta ake yi. Ya ce in gaida gida.

4. Bayan tafiyar manaja, shugaban masu gadi ya ɗauki almakashin da hannun dama ya gwada a kan wani ƙyalle. Almakashin hagu a hannun dama tauna yake yi, ba ya yanka. Da ya ga haka sai ya ƙara mata laifi na biyu, wai ta lalata kayan kamfani kafin ta sace. Ta ce a ba ta ta nuna musu, ya ce ba a ba wanda ake tuhuma makami. Yanzu almakashin yana sito a cikin buhun tarkacen ƙarfe, tare da karyayyun allurai da matattun ƙusoshi. An shaida mana cewa tarkacen Yanki ba ya fita gari, ana narka shi a gaban jami'in kwastan a Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata. Na watan Afrilu ya tsallake ne kawai don ba a gama rubuce-rubuce ba, kuma wannan ne karo na farko da na gode wa Allah saboda nawar ma'aikatan ofis. Na wannan wata zai kama 31 ga Mayu. Almakashin nan shi ne shaidarta guda ɗaya. Idan ya narke, babu abin da zai rage sai maganar tafinta, kuma sunan ɓarauniya ya zauna mata ke nan har kabari.

5. Ranar Juma'a, 25 ga Afrilu, aka karɓe katin shigarta, aka liƙa hotonta a allon da ke jikin ƙofar yamma, wanda hukuma ke kira allon faɗakarwa, jama'a kuma ke kira allon ɓarayi. Hoton da aka ɗauke ta ranar da ta fara aiki ne, tana murmushi. An sa ta tsakanin wanda ya fita da injin ɗinki a motar shara da wanda ya naɗa yadi a cikinsa ya ce kumburi ne. Duk kamfanonin Yanki suna duba allon nan kafin su ɗauki mutum, saboda haka ƙofa ɗaya aka rufe amma duka sun rufu. Babbar 'yarta tana aiki a kamfanin takalma, kuma ta wannan ƙofa take shiga kullum. 'Yan layinsu sun fara ɓoye allura idan ta zo wucewa, suna cewa a yi hattara ga 'yar gado nan. Wasa suke yi, ita ma tana dariya. Idan ta dawo gida ba ta cin abinci. Uwar kuwa ta daina zuwa famfo da rana. Matan da a da suke kawo mata gyaran kaya sun koma wurin wani, ba don sun yarda ta yi sata ba, in ji su, sai don mutum ba ya son magana.

6. Kafin in dami Yallaɓai na bi ƙananan ƙofofi, don kada a ce na tsallake manya. Ranar Litinin, 28 ga Afrilu, na je ofishin ma'aikata na kamfani. Aka ce magana ta bar hannunsu, duk abin da ya shafi fitar kaya na kwastan ne. Na je wurin kwastan. Jami'in, mutum mai fara'a, ya ba ni kujera ya yi mini bayani cewa a idon doka Yankin nan ba ya cikin ƙasa, waje ne. Don haka ko da almakashin nata ne, ranar da ta shiga da shi ta fitar da shi daga ƙasa, ranar da ta so komawa da shi gida kuma shigo da kaya ta yi ba tare da takarda ba. Na tambaye shi ko matar da ke shiga Yanki kullum da safe ita ma ƙasar waje take zuwa, kuma in haka ne me ya sa ba a biyanta albashin can. Ya yi dariya sosai, ya ce lallai ni malami ne, ya kuma ce ba huruminsa ba ne. Ranar Laraba, 30 ga wata, na je wurin 'yan sanda na ce a kama ta a kai ta kotu, don a can aƙalla za a kawo almakashin gaban alƙali. Suka ce ba wanda ya kawo ƙara, kuma ba sa shiga Yanki sai da izinin Hukuma.

Yallaɓai, abin da na fahimta daga yawon nan shi ne, idan za a hukunta ta, Yanki yana da doka da allo da masu gadi. Idan za a saurare ta, sai ya zama babu kowa a gida. Ga kwastan waje ne, ga 'yan sanda waje ne, ga mai neman hakkinsa waje ne, amma hayaƙinsa da ruwan rininsa a cikin gari suke sauka. Filin da aka kewaye ɗin nan muna yara muna kiwon awaki a cikinsa. Ban san ranar da ya tashi ya bar ƙasar ba.

7. Akwai mutum ɗaya da za ta iya kashe maganar nan da jimla ɗaya, ita ce shugabar layi. Ta san almakashin, ita ta ce a kawo shi, ta sha tsokanar Yaya cewa ya yi kama da abin cire haƙorin jaki. Ranar da abin ya faru tana cikin layin fita, mutum kaɗan ne tsakaninsu. Ta duba agogon hannunta ta wuce. Daga baya ta zo gidan Yaya da magariba da ledar lemo, ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ta ce idan ta faɗa za a ce ita ta ba da izinin shigo da ƙarfen da ba na kamfani ba, kuma tana da marayu uku. Yaya ta ba ta ruwa, ta raka ta har bakin titi, ta dawo ta raba wa yara lemon.

Na so in tsane ta, abin ya ƙi. Na yi ta auna wa ya fi laifi tsakanin mai gadin da bai sani ba ya yi hukunci, da matar da ta sani ta yi shiru don 'ya'yanta. Ban kai ƙarshe ba. Abin da na kai gare shi shi ne, wurin da faɗin gaskiya a kan almakashi zai iya raba mace da abincin 'ya'yanta, ba matar ce abin tuhuma ba, masu tsara wurin ne. Ban ambace ta a nan don a hukunta ta ba. Idan Hukuma ta karanta takardar nan duka ta ga abin da za ta iya yi kawai shi ne korar shugabar layi, to na roƙe ta da girman Allah ta yi kamar ba ta karanta ba, abin da na ji an ce ba ya yi mata wuya.

8. Ranar Talata, 6 ga Mayu, kamfani ya aiko da abin da ya kira sassauci. Takarda ce da aka riga aka buga, wadda ke cewa ta amsa ta ɗauki kayan kamfani bisa kuskure da son zuciya, tana neman afuwa, ba za ta sake ba. Idan ta dangwala yatsa kafin ƙarshen aiki ranar Juma'a, 30 ga wata, za a cire hoton, a mayar da ita layi a matsayin sabuwar ɗauka. Ba a ce komai a kan almakashin ba, sai dai an yi alkawarin ba ta sabo na kamfani, na dama. Ɗan aiken ya ce manaja mutum ne mai tausayi, ba kowa ake yi wa haka ba.

Ina so Yallaɓai ya dubi cinikin nan da kyau. Muddin tana cewa ba ta yi sata ba, hotonta yana allon ɓarayi. Ranar da ta ce ta yi, za a sauke shi. Wato allon nan ba na ɓarayi ba ne, na waɗanda ba su durƙusa ba ne. Na karanta abubuwa da dama a rayuwata, mafi yawansu a tsofaffin jaridun da ake naɗo mini kayan gyara, ban taɓa cin karo da shari'ar da ake wanke mutum da amsa laifi ba sai a nan.

Da farko ta ce ko za ta ci ƙasa ba za ta dangwala ba. A makon nan muryarta ta sauya. Buhun gidan ya yi ƙasa, abin da nake samu a rumfa ba ya riƙe gida biyu, kuma ta ga yadda 'yarta ke ramewa. Ta tambaye ni ko Allah zai kama mutum da ƙaryar da ya yi wa kansa, ba wa wani ba. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen wata in gwada bene na biyu.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

Na farko, ya ba da umarni a rubuce a cire almakashin daga buhun tarkace kafin Asabar, 31 ga Mayu, a ajiye shi a ofishinsa.

Na biyu, a kira ta a sake yi mata tambayar da aka yi mata, ta bakin wani tafinta wanda ba cin abincinsa ke hannun manaja ba, a kuma tambaye ta wane waje take nufi. Kamfani kuma ya kawo almakashi ɗaya tak irin wannan daga sitonsa, tunda ya ce nasa ne.

Na uku, a sauke hoton ba tare da sharaɗi ba, a liƙa sanarwa a gurbinsa, da girman harafi ɗaya da wanda aka rubuta laifin, cewa kuskure aka yi.

Na huɗu, a mayar mata da katinta da matsayinta da almakashinta, kuma kada a taɓa shugabar layi.

Ban nemi a kori kowa ba, ban nemi diyya ba. Na kuma san akwatin ƙorafin da ke ƙasan bene, na ga yanar gizo-gizo a bakinsa, shi ya sa zan kawo wannan da hannuna in tsaya har a buga mini hatimin karɓa.

Idan wa'adi ya cika ba mu ji daga Yallaɓai ba, za ta je ta dangwala, kuma ba zan hana ta ba, don ba ni da abin da zan ba 'ya'yanta a madadin. Ta riga ta ce ni zan raka ta. Ta ce ba za ta sa yatsa a kan abin da ba ta ji da kunnenta ba, kuma ba ta yarda wani a ginin nan ya sake faɗa mata abin da magana ke nufi ba. Ni zan tsaya a gaban manaja da tafintansa in karanta wa matar wana, kalma bayan kalma, cewa ita ɓarauniya ce. Yallaɓai yana da alƙalamin da zai hana wannan, kuma ba zai ci masa rabin shafi ba.

Ina jiran amsa. Rumfata ba ta da wuyar ganewa, kuma kullum ina ciki.

Allah Ya ja zamanin Yallaɓai, Ya sa ya gama lafiya.

Naka cikin girmamawa,

(sa hannu)
Mai gyaran rediyo,
ƙanen mijin Bahaguwa.